Waɗanda Aka Sauke a Tsibirin Yashi

Akwai wani mutum mai fito, wanda aikinsa ƙetarar da mutane ne a jirgin ruwa daga ƙauyukan hayi zuwa babban gari. Kogin yana da faɗi ƙwarai, har wanda ya tsaya a wannan gaɓa ba ya gane fuskar wanda yake waccan. A tsakiyarsa akwai tsibirin yashi, doguwar ciyawa ta tare shi daga idon mutanen gari. Daga tsibirin nan zuwa gaɓar gari, nan ne ruwa ya fi ƙarfi, nan ne jirgi yakan yi rawa.

Mai garin kuwa mutum ne mai ƙaunar jama'arsa. Ya gaji da jin wai wane ya faɗa ruwa, wai hatsin wance ya jiƙe. Sai ya kira masu fito duka, ya ce musu, "Zan zaunar da mutumina a gindin ɓaure, inda kuke sauke mutane, ya riƙa duba mini. Wanda jirginsa yake isowa lafiya, ba wanda ya faɗi, ba kayan da ya jiƙe, zan sa masa babbar riga a gaban jama'a. Wanda kuwa yake kawo mini mutane a jiƙe, ya nemi wata sana'a."

Magana ce mai kyau, kowa ya yi na'am da ita.

Mutumin nan ya koma gida ya yi ta tunani. Bai toshe inda jirginsa yake yoyo ba. Bai rage mutanen da yake ɗauka ba, gama kowane kai da kuɗin fitonsa. Abu ɗaya ya lura da shi: mai duban nan a gaɓar sauka yake zaune. A gaɓar shiga ba kowa.

Daga ran nan sai ya riƙa cika jirginsa maƙil, yana fara'a. "Ku shigo, ku shigo, akwai wuri! Iya, ɗan matsa mana, jirgin ba gadon mijinki ba ne." Mutane su yi dariya su shiga. Yana tuƙi yana satar kallonsu. Yana duba wanda ya ƙanƙame bakin jirgi, da wadda ta rufe ido, da mai kaya da nauyi. Da sun kai tsibirin yashi sai ya raɓa jirgin, ya sassauta murya, ya ce, "Kai, da ke, ku ɗan sauka ku huta. Akwai jirgi a bayana, shi zai ƙarasa da ku."

Ba wani jirgi a bayansa. Ya sani sarai.

Sa'an nan ya ratsa ruwa mai ƙarfin nan da jirgi marar nauyi, ya iso gaɓa kamar agwagwa, kowa ya sauka a bushe. Mai duba ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla." Sauran masu fito kuwa suna isowa da mutanensu duka, wani wandonsa sharkaf, wata garinta ya zama kunu, mai duba yana girgiza kai yana tsaki.

Za ku ce, to waɗanda aka sauke fa, ba su kai ƙara ba? Ba su kai ba. Waɗansu masunta suka tsince su. Waɗansu suka jira ruwa ya ja, suka taka suka koma inda suka fito. Kunya ce ta rufe musu baki. Kowa yana cewa a ransa, "Ni ne matsoraci, ni ne kayana suka yi yawa." In an tambaye su a gida sai su ce, "Na fasa tafiyar ne."

Ana nan har ranar sa riga ta zo. An yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, kogi yana ta hawa tun da safe. Aka taru a gindin ɓaure, makaɗa suka kafa ganguna.

Akwai wata mace a garin, mai tuyar ƙosai, tana da 'ya sunanta Rahila. Yarinyar ta je hayi gaida kakarta, ran nan ne za ta dawo, shi ne kuwa karo na fari da za ta ƙetare ita kaɗai. Uwar ta bar kaskonta ta zo ta tsaya a bakin ruwa. Jirgin mutumin nan ya iso, ana guɗa. Ta duba masu sauka ɗaya-ɗaya har jirgin ya zama wayam. Ba Rahila.

Wata mai tallan kifi da ta sauka daga jirgin ta ja ta gefe, ta raɗa mata, "'Yarki ce mai kwandon gyaɗa? Ya sauke ta a tsibiri, ita da wani tsoho mai akuya. Don Allah kada ki ce ni na gaya miki, gobe ma jirginsa zan shiga."

Matar ta kutsa cikin taro. An riga an sa wa mutumin riga, yana juyi a cikinta. Ta kama gefen rigar, ta ce, "Ina 'yata?"

Mutane suka ce, "Haba, baiwar Allah, ki bari a gama biki mana."

Ta ce, "Ba za a gama ba. Ina 'yata?"

Mai fiton ya dubi mai gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, matar nan so take ta ɓata mini rana. A tambayi mai duba, wa ya taɓa faɗuwa daga jirgina?"

Mai duba ya ce, "Ba ko ɗaya, ranka ya daɗe. Duk wanda na ga jirgin ya kawo, na ga ya taka ƙasa."

Mai fiton ya ce, "Kun ji. Yarinyar ba faɗuwa ta yi ba, da ƙafarta ta sauka. Canza jirgi ta yi."

Mai gari ya ce, "Jirgin wa?"

Ya ce, "Wannan kuma ban sani ba. Tun da ta bar jirgina, ai ba tawa ba ce."

Matar ta ce, "Da kake karɓar kuɗin fitonta, ta wa ce?"

Mai gari ya ɗaga hannu, ganguna suka yi shiru. Ya tashi ya shiga jirgin da kansa, ya ce wa matar ta shigo. Ya ce wa mai fiton, "Tuƙa. Kada ka tuɓe rigar, tuƙa a haka."

Da suka zaga bayan ciyawa, ba su ga yashi ba. Ruwa ya shanye tsibirin, sai kawunan ciyawa. Ga yarinyar a tsaye, ruwa ya kai mata ƙirji, ta riƙe kwandon gyaɗar a kanta da hannu biyu don kada ya jiƙe. Da ta ga mai fiton sai ta ce, "Baba, wannan ne jirgin bayan?"

Uwar ta jawo ta ciki, tana kuka tana faɗa, "Me ya hana ki yin ihu?"

Ta ce, "Na yi, Mama. Ana kiɗa ne."

Mai gari ya ce, "'Yata, ina tsohon da aka sauke tare da ke?"

Ta ce, "Ya ce shi ya san ba jirgin da zai zo. Ya saɓa akuyarsa a wuya ya nufi hayi. Na daina ganinsa."

Ko ya kai, ko bai kai ba, ba wanda ya sani. Ba shi da mai jiransa a gaɓa, don haka ba wanda ya kama rigar kowa saboda shi.

Mai gari ya sa mai fiton ya tuɓe rigar nan a tsakiyar kogi, aka lulluɓe yarinyar da ita, gama tana rawar sanyi. Da suka koma gaɓa ya ce wa jama'a, "Mutumin nan mugu ne, ba zai ƙara taɓa jirgi a kogin nan ba. Amma ni ne na shimfiɗa wa mai dubana tabarma a gaɓa ɗaya. Daga yau a hayi zai fara, ya ga fuskar duk wanda ya shiga, ya shiga tare da su, ya nuna mini su a nan."

Ga ma'anar wannan misali, 'ya'yana. Iyaye, da ku nake, ba da yara kaɗai ba.

Kogin nan shi ne shekarun sakandare. Jirgin kuwa shi ne makaranta. Gaɓar shiga aji ɗaya ne, gaɓar sauka kuwa ranar da ake yaye ɗalibai, a sa musu doguwar riga da hula mai tuntu, mu kuma mu ɗinka anko mu je mu yi guɗa.

Kun sha ganin ƙyallen da ake ratayawa a ƙofar makaranta, wai ɗari bisa ɗari sun gama, ɗari bisa ɗari sun ci jarrabawa. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina da ido. Na ga yaran nan sa'ad da suka shiga aji ɗaya, uku-uku a benci, waɗansu a ƙasa. Na kuma leƙa ajin ƙarshe, na ga benci da ba kowa a kai. Ɗari bisa ɗarin su wa? Na waɗanda jirgi ya kawo. Sauran suna ina?

In ka tambaya, amsa a shirye take. Wannan ya canza makaranta. Wace makaranta? Ba a sani ba. Wancan iyayensa ne suka cire shi. Wannan bai shirya ba, an ce ya jira baɗi. Wancan an ce ya je ya yi rajistar jarrabawa a waje, don in ya faɗi kada faɗuwar ta hau kan sunan makaranta. Ba a ce an kore shi ba, a'a. Ba a ce ya bar karatu ba. An sauke shi ne a hankali, da murya mai daɗi, a inda ba mai gani. Yaron da yake fama da lissafi, da yarinyar da take zuwa a makare domin sai ta ɗebo ruwa ta yi wa ƙannenta wanka, da wanda ciwo ya kwantar da shi zango guda, su ne masu rufe ido da masu kaya da nauyi. Su ne suka fi bukatar a riƙe su a wurin da ruwa ya fi ƙarfi, nan ne kuwa ake ajiye su. Wannan ba dabara ba ce, mugunta ce. Ko an rubuta ta da Turanci mai kyau, mugunta ce.

Malaman da suke cikinmu, kada ranku ya ɓaci, na san akwai na kirki. Akwai malamar da take jan ɗalibinta har ƙarshe, ya ci rabi ya faɗi rabi, makarantarta ba ta da ƙyalle a ƙofa. Ita ce mai fiton da yake isowa da mutane a jiƙe. A jiƙe, amma sun iso! Mu kuwa me muke yi mata? Mu kwashe 'ya'yanmu daga wurinta mu kai wa mai ƙyalle. Mu ne muke ɗinka wa mugun nan riga. Mu ne makaɗan da suka hana a ji ihun yarinya.

Masu iko da suke karɓar rahoto daga makarantu, ku ne mai gari. Nufinku mai kyau ne, na yarda. Amma in a gaɓar sauka kaɗai kuka zauna, kun koya wa kowane mai wayo inda zai zubar da 'ya'yan mutane. Ku fara daga ranar shiga. Yaron da aka ce ya canza makaranta, a nuna muku makarantar, a nuna muku bencin da yake zama. In ba a nuna ba, yana wuyan wanda ya karɓe shi tun farko. Wanda ya ƙara shekara kafin ya gama, shi ma ya ƙetare, kada a yi kamar ba a gan shi ba.

Ku kuma jikokina, in an taɓa sauke ɗayanku, ku ji ni da kyau. Ba kai ne ka yi nauyi ba. Jirgin ne yake yoyo, mai shi kuwa ya ƙi gyarawa. Kada ka ɓuya a ɗaki kana cewa ka fasa. Ka faɗa, da ƙarfi, har a ji. Ubangiji ba a gindin ɓaure yake zaune ba. Yana nan tun ranar da uwarka ta ɗaura maka sabon wando ta raka ka bakin ƙofa, ya san fuskarka, zai kuwa tambayi duk wanda aka ba shi amanarka.

Saboda haka, bana in an gayyace ku bikin yaye ɗalibai, ku je. Ku yi murna da waɗanda suka gama, sun sha wuya, sun cancanta. Amma kafin ku tafa, wani ya tashi ya tambayi shugaban makaranta, da ladabi, a gaban kowa: waɗanda suka shiga tare da waɗannan, suna ina? In an ce ku bari a gama biki, kada ku zauna.

Kada ma ku jira biki. Akwai yaro a unguwarmu, ba zan kama suna ba, uwarsa 'yar zumuntar matan coci ce, tana jina. An ce masa ya zauna a gida sai an kira shi. Abokansa sun rubuta jarrabawa, sun gama, waɗansu har sun tafi birni. Shi kuwa duk ranar Lahadi da yamma sai ya wanke rigar makarantarsa, ya goge, ya rataye a ƙusa, ko gobe ne za a kira shi. Rigar ta fara yi masa kaɗan.

Ba wanda zai kira shi. Kun sani, na sani. Ranar Litinin da safe zan kama hannunsa mu tafi ofishin makarantar nan, ba kuwa zan tashi daga kujera ba sai an nuna masa aji. Gwiwoyina ba su da ƙarfi kamar dā, hanyar kuma da nisa. Wa zai zo mu tafi?