Kumurcin da Ke Cikin Rumbu

Akwai wani manomi, mutum mai ƙwazo, wanda fartanya ba ta yi masa nauyi. Gonar da yake nomawa ba gadonsa ba ce. Wani mai gandu ne ya yanka masa ita kyauta, ya ce, "Noma ka ci, kai da iyalinka." Mai gandun nan kuwa yana da ɗa guda ɗaya tak, wanda yakan zaga gidajen manoma yana gaishe su, yana duba lafiyarsu.

Wata shekara damina ta yi albarka. Manomin ya yanke dawa, ya ɗaure dammuna, ya cika rumbu har wuya, ya kifa masa jinka. To, kun san al'adar ƙauye, rumbu na maigida ne. Shi kaɗai ke kafa tsani ya hau, ya ɗaga jinka, ya shiga ya fito da dami. Matarsa Kande sai dai ta tsaya a ƙasa ta karɓa, ta sussuke, ta daka. Abin da ke cikin rumbu, idon maigida ne kawai ya san shi.

Ran nan ya shiga ɗauko dami, sai ya ga wani ɗan maciji kwance a cikin hatsi, baƙi wuluk, siriri, bai fi mazagin wando ba. Ɗan kumurci ne. Da ya sa ƙafa ya take shi a lokacin, da labarin nan ya ƙare tun ba a fara ba. Amma mutumin naku sai ya tsaya dabara. Ya ce a ransa, "Ai ɓeraye sun dame ni. Bari ɗan abin nan ya zauna ya riƙa kama mini su. Ran da na gaji da shi na kashe shi." Ya fito ya rufe jinka, bai gaya wa kowa ba.

Da fari abin ya yi masa daɗi. Ɓeraye suka ƙare ƙaf, manomi yana ta yaba wa kansa wayo. Abin da ya manta shi ne, mai cin ɓera girma yake yi. Da ɓeraye suka ƙare, yunwar maciji ba ta ƙare ba. Wata safiya manomi ya zura ƙafa zai shiga, sai ya ji huci. Ya duba, ga kumurci ya miƙe, ya fasa kai, kaurinsa ya kai damtsen mutum. Manomi ya janye ƙafa ba shiri, ya sauko a guje.

Kuna tsammani ya kira mutane? Ina! Kunya ta hana shi. Yaya zai buɗe baki ya ce shi da kansa ya ajiye maciji a cikin abincin 'ya'yansa? Sai ya sake wata dabarar. Ya lallaɓa akurki ya ɗauko ƙwai, ya jefa can gefen rumbu. Maciji ya tafi haɗiya, shi kuwa ya fizgi dami ya fito. Haka aka yi ta yi. Ƙwai ɗaya ya daina isa, aka koma biyu, daga nan 'yan tsaki, daga 'yan tsaki sai kajin kansu.

Kande ta ce, "Maigida, kajin nan fa sai ƙarewa suke yi."

Ya ce, "Muzuru ne."

Bawan Allah muzuru ya sha zagi a banza.

Ba wai manomin bai yi ƙoƙari ba, ya yi. Ya hau da sanda, maciji ya kawo masa sara, ya faɗo daga kan tsani ya gurɗe ƙafa. Ya kai wa boka akuya aka ba shi laya, ya jefa a rumbu, kashegari ya tarar da maciji ya nannaɗe a kanta yana barci. Ya gwada hayaƙi, saura kaɗan ya ƙone rumbun da hatsin gaba ɗaya. Har aka kai ranar da kumurci ya ƙi jayewa ko da an jefa masa abu. Ya haɗiye, ya dawo bakin rumbu ya tsare. Maigida ya zama bara a gidansa, yana ciyar da maciji don kada ya fito tsakar gida, amma ko zangarniya ɗaya ba ya iya ɗauka.

Ga shi marka ta kama, sabon hatsi bai nuna ba. Kande ta koma tsinko rama da tafasa tana dafa wa yara ba tsaki ba gari. Yara suka rame. Autarsu Lami, yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, ta daina wasa, sai ta kwanta a inuwar rumbun nan tana kallon sama.

Kande ta ce, "Maigida, rumbu cike, 'ya'yanka suna kwana da yunwa. Ka gaya mini laifin da muka yi maka."

Ya ce, "Tattali nake yi."

Ya faɗi haka ya zaga bayan gida ya yi kuka, don ya san in aka ƙara mako a haka, Lami ba za ta kai kaka ba, kuma shi ne ya jawo.

Ana cikin haka sai ga ɗan mai gandu ya biyo ta ƙofar gidan. Ya yi sallama, suka gaisa, ya ce, "Ɗan'uwana, duk gidan da na wuce ina jin ƙarar turmi, ban da naka. Ga rumbunka kuwa a cike. Me ya faru?"

Manomi ya buɗe baki zai sake kawo maganar tattali, sai idonsa ya faɗa kan Lami. Ƙarya ta ƙare masa. Ya durƙusa a gaban Kande da yara da baƙon, ya ce, "Ranka ya daɗe, maciji ne. Ni na ajiye shi tun yana ƙarami. Ni na ba shi ƙwai, ni na ba shi kaji. Yanzu ya fi ƙarfina."

Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, yana jiran a ce an karɓe gona. Amma ɗan mai gandu bai yi masa faɗa ba. Ya tuɓe rigarsa, ya miƙa wa Kande, ya kama tsani.

Manomi ya riƙe masa ƙafa. "Kada ka shiga, ranka ya daɗe. Ba kai ka ajiye shi ba. In akwai wanda ya cancanci sara, ni ne."

Ɗan mai gandu ya ce, "Na sani. Amma in ya sare ka, kai za ka mutu, shi yana nan. Sake ni."

Ya hau, ya ɗaga jinka, ya faɗa ciki. Aka ji huci, aka ji kokawa, rumbu yana girgiza, ƙura tana tashi. Can sai tsit. Ɗan mai gandu ya fito yana layi, jini na zuba daga diddigensa inda maciji ya sare shi. Ya dubi manomi ya ce, "Na murƙushe kansa. Shiga ka ɗebi hatsinka, ku ci." Yana rufe baki ya yanke jiki ya faɗi. Maƙwabta suka taru suka ɗauke shi zuwa gidan mahaifinsa, kafin yamma labari ya zo cewa ya cika.

To, ga inda abin yake ba ni haushi, yake kuma ba ni dariya. Manomin nan ya ji maganar da kunnensa, amma bai gaskata ba. Ya ce a ransa, "Macijin da ya kayar da ɗan mai gandu, ni wane ne?" Ya kara kunne a jikin rumbu, ya ji motsi ƙasa-ƙasa. Kowa ya san macijin da aka fasa wa kai jelarsa takan yi ta mutsu-mutsu kafin ta kwanta, amma tsoro ya hana shi tuna wannan. Ya ce, "Yana nan da ransa, yanzu ma ya fusata."

Kande ta ce, "Maigida, ai ya ce ya kashe shi. Ka leƙa mana."

Ya ce, "Ke ba ki san macijin nan ba, ni na san shi."

Sai ya shiga jeji neman ƙwan zabi. Ya samo, ya hau tsani, ya runtse ido, ya ɗaga jinka kaɗan, ya jefa, ya sauko a guje. Kashegari ma haka. Yara suna kallon ƙwai yana wuce bakinsu.

A rana ta uku da hantsi, yana bisa tsani, ido a runtse, ƙwai a hannu, sai ya ji murya a bayansa tana dariya.

"Ɗan'uwana, wa kake ciyarwa?"

Ya juya. Ga ɗan mai gandu tsaye a tsakar gida, da ransa da lafiyarsa, fuskarsa tana haske, ga tabon sara a diddigensa. Kande ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta rangaɗa guɗa. Manomi ya daskare a kan tsani.

Ɗan mai gandu ya ce, "Dafinsa ya yi iyakar abin da zai iya, bai riƙe ni ba. Buɗe jinkan nan duka, ka buɗe idonka, ka duba."

Ya cire jinka, rana ta haska cikin rumbu. Ga kumurci a miƙe, kai a fashe, tururuwa sun yi masa rubdugu. Ga ƙwan da ya yi ta jefawa nan a farfashe, ba wanda ya taɓa. Ga dawa jawur, dami kan dami, tana jiransa.

Kai, jama'a, ku zo ku ga murna! Manomi ya fashe da dariya, hawaye na zuba, ya faɗa cikin rumbu da ƙafa biyu. Ya ɗago mushen da sanda ya wurgo waje, yara suka ja shi zuwa juji. Ya shiga jefo dammuna, Kande tana tarewa tana cewa, "Ya isa, maigida, ya isa," shi kuwa ko a jikinsa. Turmi ya ɗauki ƙara, maƙwabta mata suka shigo da taɓarensu ana lugude, hayaƙi ya tashi daga murhu. Ƙwan da ya rage a hannunsa kuwa, Kande ta karɓe ta dafa wa Lami. Ɗan mai gandu ya zauna a tabarma tare da su, suka ci tuwo a akushi ɗaya. Kafin la'asar Lami tana zagaya rumbu a guje, ba mai iya kama ta.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai gandu shi ne Allah Uba, wanda ya ba mu rai da kowace albarka kyauta. Rumbu zuciyar mutum ce, inda ba mai leƙawa sai mai ita. Kumurci kuwa shi ne zunubi, da Shaiɗan wanda yake bayansa. Ba ya zuwa da girmansa. Yakan zo siriri, har ya yi kamar mai amfani: 'yar ƙarya da ta fitar da kai kunya, ɗan ƙoƙon giyar da ya mantar da kai damuwa, ƙiyayyar da kake ɓoye wa ɗan'uwanka. Kana cewa ran da ka ga dama za ka bari. Kafin ka farga, yana cin abin da ya kamata iyalinka su ci, kai kuma kana ɗora wa muzuru laifi.

Sanda da laya da hayaƙi su ne ƙoƙarin mutum na ceton kansa, kun kuwa ga inda suka kai shi. Ɗan mai gandu shi ne Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba shi ya ajiye macijin ba, amma shi ya shiga. A kan gicciye ya karɓi saran da ya kamace mu, ya mutu mutuwa ta gaske, a rana ta uku ya tashi da rai. Bai nemi komai daga manomin ba sai faɗin gaskiya. In kana nan yau kana ta maganar tattali, ka durƙusa ka gaya masa abin da ke cikin rumbunka. Ba zai kore ka ba.

Ku kuma da kuka riga kuka ba da gaskiya, da ku nake yanzu. Da yawa a cikinmu muna raira waƙar nasara ran Lahadi, ran Litinin muna bisa tsani da ƙwai a hannu. Har yanzu akwai laya a ƙarƙashin matashi. Har yanzu muna komawa ga tsohon hali muna cewa, "Ya fi ƙarfina." Wani zai ce, "Malam, ai ina jin motsinsa." Gaskiya ne, jaraba takan motsa, ni ma ina ji. Amma motsin jela ne, kan ya riga ya fashe, ba shi da sauran iko a kanka.

Saboda haka buɗe idonka, ɗan'uwa, buɗe idonki, 'yar'uwa. Wanda ya shiga dominku yana da rai, ga tabon a jikinsa. Rumbu a buɗe yake, abinci ya wadata. Sauko da ƙwan nan ka ba 'ya'yanka, ku zauna ku ci da murna. Amin.