Ranar da Ƙafafun Gaba Suka Ƙi Juyawa

Akwai wani matashin ɗan kasuwa a Maraɗi mai suna Hafizu, yana sayar da atamfa da shadda. Ba mugu ba ne, kuma hannunsa a sake yake. Ciwonsa ɗaya: yana son a kalle shi a ce kai!

Da kasuwa ta buɗe masa, sai ya sayi wata tsohuwar kat-kat a gwanjo, irin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu da aka yi domin daji da yashi. Motar ta girme shi, ta sha Agadas ta sha Difa, fentinta duk ya koɗe. Amma injinta ƙalau yake.

Ya kai ta Tsibiri, garejin wani tsohon makanike da ake kira Maman Lawali, wanda ya yi shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. A can Hafizu ya shiga zuba mata ado. Ya sa aka ɗaga ta sama, aka saka mata tayoyi masu faɗi, aka yi mata waldar katon ƙarfe a goshi, aka jera fitilu shida a kan rufi, aka fesa baƙin fenti mai ƙyalli. Hon kuwa na babbar mota ya sa, in ya danna sai ka ga masu kabu-kabu suna watsewa.

Ana gobe zai ɗauke ta, Maman Lawali ya fito daga ƙarƙashinta da wata doguwar sandar ƙarfe a hannu, ya kira shi gefe.

"Ɗana, ka ga wanga? Shi ne kardan na gaba. Shi ka kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba. Mahaɗar da ke bakinsa ta cinye, in na maida shi haka zai tsinke a hanya. Na yi aike a kawo sabuwa, ka ba ni kwana ukku."

Hafizu ya ɓata rai. Jibi ake ɗaurin auren wani abokinsa, kuma ya riga ya gaya wa kowa cewa da motarsa za a ja gaba.

"Baba, in babu shi ba ta tahiya?"

"Tana tahiya mana, a bisa kwalta. Amma ka sani daga yau ƙafa biyu gare ta, kamar kowace taksi. Ga nauyin ƙarfe ka ƙara mata a gaba. Kada ka yarda ka sa ta yashi."

"To aje shi nan. Wa zai duƙa shi leƙa ƙarƙashin motata?"

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Mutane ba su leƙawa. Yashi yana leƙawa."

Hafizu ya yi dariya, ya karɓi makulli.

An yi biki, mota ta ja gaba, an ɗauki hotuna har waya ta cika. Bayan kwana uku Maman Lawali ya kira ya ce kaya sun iso. Hafizu ya ce sai sati mai zuwa. Tsohon ya sake kira bayan wata ɗaya, Hafizu ya ce yana kasuwa. A kira na uku ko ɗauka bai yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, daga Maraɗi zuwa Tsibiri tafiyar minti goma sha biyar ce, kuma kullum sai ya ɓata fiye da haka yana goge fitilun nan shida.

A majalisa kuwa bakinsa ba ya hutawa. Zai nuna wa mutane ƙaramar giyar da ke kusa da babbar, ya ce, "Wagga in na ja ta, ko dutse sai ta hau." Ya faɗa ya sake faɗa, har shi kansa ya fara mantawa da cewa babu abin da giyar take ja.

Hafizu yana da wa guda, sunansa Illo, manomin rani a Jiratawa. Shi ya riƙe Hafizu bayan rasuwar mahaifinsu, da kuɗin tattasai da zogale ya kafa masa rumfar farko. Illo bai san komai game da mota ba, ya dai san ƙanensa ya faɗa, kuma abin da ƙanensa ya faɗa gaskiya ne. Matarsa Tsahara kuwa wasan ƙanen miji ne tsakaninta da Hafizu, ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba. "Alhajin fitilu," take ce masa, "yaushe za ka kai ni Makka cikin akwatin nan taka?"

Lambun Illo yana ƙetaren gulbi. Hanya biyu ce zuwa can. Ko ka ratsa cikin gulbin kai tsaye daga kwalta, ko ka yi dogon zagaye ta wata hanyar jar ƙasa mai ramuka, wadda ke cin fiye da awa ɗaya. A lokacin damina ta wuce, ruwa ya janye, saman yashin ya bushe amma ƙasansa a jiƙe yake. Amalanken shanu na ratsawa a hankali, kat-kat ta gaske ma tana ratsawa.

Wata Lahadi da hantsi Hafizu ya tashi gaida wansa, ya bi ta zagaye. Ya san dalilin da ya sa ya bi ta can, ko da yake bai taɓa gaya wa kowa ba.

Yana isowa ya tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin lambu. Gamsheƙa ce ta sari Illo a ƙafa yana gyaran hanyar ruwa. An riga an ɗora shi a kan amalanken wani maƙwabcinsa mai suna Ya'u, shanu a ɗaure, Tsahara na riƙe da kansa. Shirin shi ne a ratsa gulbi zuwa kwalta, a tare mota a kai shi asibiti a Maraɗi.

Da suka ga baƙar motar nan, sai wurin ya ɗauki kabbara.

"Alhamdu lillahi! Ga kat-kat Allah ya kawo! Ku sauko da shi!"

Ya'u bai saki igiyar shanunsa ba. Ya tambaya, "Hafizu, tana ƙetarewa? Ƙasan yashin nan da ruwa fa."

A nan ne komai ya tsaya. Kalma huɗu kawai ake nema daga bakinsa: ku bar shi nan. Da ya faɗe su, da amalanke ta wuce, shi kuma ya zagaya ya same su. Amma idanu sun fi ashirin a kansa, kuma rabin masu idanun sun taɓa jin labarin ƙaramar giya. Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa in ya shiga da gudu, wataƙila ta haye.

"Haba Ya'u," ya ce, "wagga da ta sha Agadas? Ku sa shi ciki."

Aka sauko da Illo, aka kwantar da shi a kujerar baya. Ya'u ya kwance shanunsa, ya ba wani ya kora su mashaya can nesa, tunda aikinsu ya ƙare.

Hafizu ya taka mai, mota ta gangara cikin gulbi da gudu. Ta ci kusan rabi, har zuciyarsa ta fara sanyi. Sai goshin nan mai nauyi ya nutsa, ƙafafun baya suka shiga haƙa, suna watsa jiƙaƙƙen yashi sama. Ya yi gaba, ya yi baya, kowane yunƙuri sai ƙara binne ta yake yi, har cikinta ya zauna daram a kan yashi.

Daga baya ya ji muryar Illo, a hankali, harshensa ya fara nauyi.

"Hafizu... ja giyar nan taka mana."

Ya kai hannu ya ja ta. Wallahi ya ja ta, alhali ya san babu komai a ƙarshenta. Injin ya yi ruri, hayaƙi ya tashi, ƙafafun gaba kuwa suna tsaye ko motsi.

Mutane suka rugo. Wasu na haƙa da hannu, wasu na cusa kara da rassan bedi a ƙarƙashin taya, wasu na turawa. Kowa na cewa saura kaɗan, ai kat-kat ce, yanzu za ta fita. Wannan yardar ce ta cinye musu lokaci, domin babu wanda ya yi tunanin fitar da marar lafiya. Hafizu kaɗai ya san ba za ta fita ba, kuma har a lokacin bai buɗe baki ba. Rana ta take tsaka suna fama.

Sai da Tsahara ta ƙwalla ƙara, ta ce idanun mijinta sun rufe kuma numfashinsa na sarƙewa, sannan Ya'u ya ce a bar motar. Shanu sun yi nisa. Maza huɗu suka sa Illo a bargo suka ɗauka, suna nutsewa har ƙwauri. Da ƙyar suka kai kwalta, suka tare wata motar kaya.

Ba su kai ƙofar asibiti da shi ba. Illo ya cika a hanya, kansa a cinyar ƙanensa.

Ajali na Allah ne, babu mai musun wannan, kuma babu wanda zai rantse cewa da amalanke ta wuce da Illo ya rayu. Amma Hafizu ya san awa nawa aka ɓata a tsakiyar gulbin, ya kuma san wanda ya ɓata su.

A zaman makoki babu wanda ya zarge shi. Da ma a ce an zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kowa sai sannu da ƙoƙari yake masa. Ran uku ya shiga gaida Tsahara, ta ɗago jajayen idanu ta ce, "Hafizu, kada ka sa ma ranka damuwa. Ka yi iyakar yinka. Inda motarka ta kasa, mi amalanke za ta yi?"

Ya tashi ya fito. Daga ranar abinci ya daina shiga cikinsa.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar da tarakta. Ya tuƙa ta zuwa Tsibiri. Maman Lawali ya yi masa ta'aziyya. Ya shiga ɗaki ya fito da kardan ɗin, an saka sabuwar mahaɗa, an shafe shi da giris, an naɗe a buhu.

"Tun wata biyar yake jiranka," ya ce.

Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar. Noti takwas ne. Hafizu yana tsaye yana ƙirgawa, kuma kafin shayin da aka ɗora ya tafasa an gama.

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Hafizu bai koma gida ba. Ya miƙe Jiratawa, ya tsaya a bakin gulbi, daidai wurin da ramin tayoyinsa yake har yanzu. Ya ja ƙaramar giya, ya shiga a hankali. Motar ta taka yashin nan ta wuce ta gefen ramin, ba ta ko yi nishi ba. Minti biyu, sai ga shi a ƙetare. Ya kashe inji, ya kifa kansa a kan sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Daga nan ya wuce gidan wansa. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da Tsahara ke takaba, ya gaya mata komai, tun daga maganar Maman Lawali har zuwa tambayar Ya'u. Da ya gama, sai ta tambaye shi:

"Kana nuhin sa'adda ya ce ka ja giyar nan, ka san babu komai?"

"Na sani."

"Kuma ka ja."

"Na ja."

Ta saki labule. Daga ciki ta ce, "Tashi ka tahi, Hafizu. Allah ya ji ka, ni ma na ji."

Yau shi ke riƙe da 'ya'yan Illo huɗu. Ya cire fitilun da ƙarfen goshin, kuma duk wanda ciwo ya kama a ƙetaren gulbi, motar nan ce ke ɗauko shi kyauta. Tsahara tana amsa gaisuwarsa, tana yi masa godiya in ya kawo hatsi. Amma tun daga ranar ba ta sake ce masa Alhajin fitilu ba, ba ta sake yi masa wasa ba ko sau ɗaya.

Darasi: Ka gyara abin da ido ba ya gani kafin ka ƙawata abin da ido ke gani, ko a mota, ko a sana'a, ko a halinka. In kuma ka san ba za ka iya ba, ka faɗa tun da sauran lokaci. Kunyar minti ɗaya za ta wuce, amma wanda ya dogara da ƙaryarka yana iya biya da ransa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman direbobi da masu motoci, wataƙila wani ya tuna da gyaran da ya daɗe yana ɗagawa.