Taswirar Burtali a Wayar Barkindo

An yi wani sarki mai son adalci amma mai gajen haƙuri, wanda ya sa aka buɗe wa masarautarsa shafin intanet, aka ɗora taswirar burtali domin makiyaya su san inda shanu za su bi. Da damina ta faɗi sai ya janye burtalin daga fadama, aka sauya taswirar, ya kuma zartar da cewa duk wanda ya bi tsohuwar hanya za a ƙwace garkensa.

Ba a yi mako ba aka gurfanar da wani makiyayi mai suna Barkindo bisa laifin bin tsohuwar hanya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wallahi abin da shafinka ya nuna mini na bi." Aka duba wayarsa, ga tsohuwar hanya, aka duba sabuwar wayar sarki, ga sabuwar hanya.

Sarki ya dubi Waziri Haliru ya ce, "Shafi ɗaya, magana biyu! Ka gano mini maƙaryaci kafin la'asar, in ba haka ba shanu sun tafi."

Waziri tsoho ne da ko lambar wayarsa bai haddace ba, amma tausayin bawan Allah ya hana shi zama. Ya shiga kasuwa yana leƙa wayoyin mutane, har ya lura cewa duk wanda ya taɓa buɗe shafin da rani tsohuwar taswira yake gani. Ya ƙasƙantar da kai ya tambayi masu gyaran waya, suka fayyace masa.

Ya komo ya ce, "Ranka ya daɗe, babu maƙaryaci. Waya takan adana hoton da ta taɓa saukewa, kuma muddin sunansa bai sauya ba, ba ta komawa ɗauko wani. Mu muka sauya taswira muka bar ta da tsohon suna. A riƙa ƙara sabuwar lamba a sunan taswirar duk lokacin da aka yi gyara."

Aka yi hakan, nan take wayar Barkindo ta nuna sabuwar hanya. Sarki ya ce, "Waziri, na gode. Ka tsamo ni daga zalunci." Ya yafa masa alkyabbarsa, ya mayar wa makiyayi garkensa. Barkindo ya riƙe hannun Waziri yana hawaye, ya ce ya zaɓi saniyar da yake so. Tsohon ya ce ƙwaryar kindirmo ta ishe shi.

Haƙiƙa, ba a kiran hukunci adalci sai mai mulki ya tabbatar dokarsa ta isa ga wanda zai hukunta.