Takardar Barira da Aka Yage

Ku gyara zama ku saurara, kuma kada wanda ya tashi sai ya ba ni amsa.

A wani gari an yi wata yarinya, Barira, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tana da shekara shida. Tana ganin bakin mutane yana motsi, amma duniya ta yi mata tsit. Duk da haka ta kai aji shida a firamaren garinsu, tare da yara masu ji, saboda mutum uku.

Na farko shi ne hedimasta, Malam Tanimu. Da iyaye suka taso suna cewa kurma za ta ja 'ya'yansu baya, sai ya ce, "Wanda benci ya yi wa ɗansa kaɗan, ya kawo masa tabarma. Barira tana nan." Shi ya rubuta wa ofishin jarrabawa cewa yarinyar ba ta ji, ya ajiye kwafin wasiƙar.

Na biyu Malam Isiyaku, malamin ajinta. Ya gane da leɓe take karanta magana, sai ya aske gashin bakin da ya yi shekara ashirin yana ji da shi. Abokansa suka riƙa ce masa ango. Bai ƙara yin magana yana fuskantar allo ba.

Ta uku Malama Hurera. Kowace Alhamis takan je gidan su Barira ta koyi maganar hannu wurin uwarta, ta dawo ta koya wa ajin, har ya zama ko gulma aka yi, Barira tana ciki.

Ranar jarrabawar shiga sakandare aka turo baƙon mai sa ido. Hedimasta yana ta fama da kujeru, ya manta bai gaya masa komai ba. Ana tsakiyar rubutu, mutumin ya juya baya yana goge allo, ya ce akwai kuskure a tambaya ta tara, a tsallake ta. Barira ta ga kowa ya ɗago, ba ta san dalili ba. Ƙawarta Saude ta ɗaga yatsu tara, ta kaɗa hannu, kamar yadda aka koya musu.

"Ke! Satar amsa a gabana?"

Barira ba ta ji shi ba. Hannu kawai ta gani ya fizge takardarta, ya raba ta biyu. Ta durƙusa tana haɗa gutsattsarin a kan cinyarta, tana neman leɓen da zai gaya mata laifinta. Malam Isiyaku yana bakin taga, ya ga komai, amma doka ta hana shi shiga, kuma bai shiga ba.

Tun ranar ba ta sake taɓa biro ba. Da safe takan sa rigar makaranta, ta zauna a zaure, ta cire da azahar.

An kai kuka ofishin jarrabawa sau huɗu kafin kwamitinsu ya amsa. Mutanen da suka yage shekara shida cikin ƙiftawar ido suka ce za su saurara na minti goma, kuma mutum ɗaya tak zai shiga da yarinyar. Abin da aka yanke ranar, shi ke nan.

Malam Tanimu ya ce shi zai shiga, domin wasiƙar tana hannunsa kuma hatiminsa suke girmamawa, ko da yake sai ya amsa cewa shi ya yi mantuwa. Malam Isiyaku ya ce shi kaɗai ne babban da ya gani da idonsa, ko da za a tambaye shi me ya tsayar da shi a taga. Malama Hurera ba ta da takarda, ba ta ga komai ba, amma in ba ita, Barira za ta zauna ana zancenta kamar ba ta wurin.

Suka je suka tambayi Barira. Ta dubi bakin wannan, ta dubi na wancan, ta ɗaga yatsu uku.

Kujerar kuwa ɗaya ce. To, ku gaya mini, wa ya kamata ya riƙe hannun Barira ya shiga ɗakin nan?