Ranar da Damo Ya Bar Baƙo Ya Dasa Itace

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. A bakin babban ruwa akwai wata fadama, Damo ne mai ita. Kurege kuwa maƙwabcinsa ne, tare suke noma.

Wata rana sai ga jirgi ya tsaya. Balbelu uku suka sauko, farare fat, sun rame, wuya kamar sillen kara.

Damo ya ce, "Maraba da baƙi. Me ke tafe da ku?"

Na farko ya ce, "Wana ya gaje gonar ubanmu duka, ko taki ɗaya ban samu ba."

Na biyu ya ce, "Sarkinmu ya hana ni ibada yadda na iya."

Na uku kuwa yana ta caccakar ƙasa da baki. An gaya masa a nan ana tonon zinariya kamar gyaɗa.

Suka roƙi wurin hutawa, Damo ya ba su. Damina ta faɗi, suka roƙi aron gona, ya ba su, suka ɗauko igiya suna awo.

Kurege ya ce, "Yaya Damo, mai hutawa me ya haɗa shi da igiyar awo?"

Damo ya ce, "Kai dai ba ka rabo da zargi."

To, al'adar ƙasar ita ce, mai aron gona yana shuka dawa, yana shuka wake, amma ba ya dasa itace. Duk wanda ya dasa itace, ƙasar da ke ƙarƙashin inuwarsa ta zama tasa.

Rani ya yi, Balbelu suka dawo da roƙo karo na uku. Suka ce, "Baba Damo, rana tana ƙona mu. Ga ɗan tsiron darbejiya da muka zo da shi, ƙwaya ɗaya tak."

Kurege ya yi tsalle. "Yaya, kada ka yarda!"

Damo ya ce, "Ai ba su san al'adarmu ba. Kuma da wane baki zan hana baƙo inuwa?"

Ashe sun sani sarai. Darbejiya ta girma, ta yi 'ya'ya. Balbelu suka riƙa ɗauka suna yarwa gabas da yamma. Kafin shekara bakwai inuwa ta rufe fadama, jiragen danginsu kuwa sai zuwa suke yi.

Damo ya saɓa fartanya ya zo gonarsa. Na uku ya tare shi. "Tsoho, dubi sama. Al'adarku ce, ba tamu ba."

Damo ya juya wurin na farko. "Har da kai, da ka san zafin rashin gona?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Don na san shi ne ba zan koma ba, Baba."

Damo ya ajiye fartanya. Ya ce, "Kurege, ka faɗa mini, kunya ta toshe mini kunne." Ya shige rami, har yau a can yake. Kurege kuwa, in kun gan shi tsaye kan ƙafa biyu a bakin gona, hange yake yi ko baƙin sun tafi. Ba su tafi ba.

Ku ba baƙo ruwa da tabarma, jikokina, amma kada kunya ta hana ku cewa a'a ranar da ya kamata.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan tawa ta tsaya.