Kujerun Wake

Akwai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Ƙamus. Mutumin kirki ne, ga fara'a, ga son mutane, sai dai bakinsa bai iya furta "ban sani ba". A shagon yayansa mai ɗinkin kujeru yake aiki. Hannunsa bai faɗa ba a ɗinki, in ya ja zare sai ya karkace, in ya buga ƙusa sai ta lanƙwashe. Ɗan Turancin da ya tsinta a makaranta shi ne kaɗai abin da yake taƙama da shi, a zatonsa kuma shi ne dalilin da Yaya yake riƙe da shi a shagon.

Wata rana sai ga wata baƙuwa, shugabar makarantar ƙananan yara, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta ce tana son a ɗinka mata abin zama da ake kira bean bag, in aikin ya yi kyau za ta ba su kujerun makarantar gaba ɗaya. Ta ciro waya za ta nuna hoto, Ƙamus ya ɗaga hannu yana murmushi, wai ai ya gane.

Bayan ta tafi Yaya ya ce, "Me ta ce?"

"Jakar wake take so. Manya-manya, yara su riƙa zama a kai."

Yaya ya ajiye almakashi. "Wake? Wanda ake ci? Kai Ƙamus, ka dai ji da kyau?"

"Haba Yaya! Bean wake ne, bag jaka. Wannan ko a barci aka tashe ni."

A ransa kuwa bai taɓa jin sunan abin ba. Ya so ya bi matar ya tambaya, amma ya tuna duk shagon shi ake kallo, sai ya haɗiye.

Aka sayo yadi mai launi, Yaya ya zauna ya zuba gwaninta. Aka auno wake buhu-buhu aka ɗura. Da aka zo ɗauka, mai mota ya ciccibi guda ɗaya, ya dafe ƙugu ya ce, "Wai kujera ce wannan ko gawar bijimi?" Aka yi dariya, aka kai makaranta lokacin ana hutu, maigadi ya jera su a aji ya kulle. Rufin ajin kuwa yana yoyo.

Ranar da aka koma makaranta aka aiko kiransu. Tun daga ƙofa wari ya tare su. Waken ya sha ruwa ya kumbura, ɗinki ya yage, tsiro ya leƙo ta ko'ina, ƙwari suna bin bango. Yara suna tsaye a waje sun toshe hanci. Shugabar tana ta faɗa, Ƙamus bai tsinci ko rabin abin da take cewa ba.

Wata malama mai jin Hausa ta ja su gefe. Ta ce wa Yaya, "Baba, ba wake ake zubawa ba. Wasu 'yan ƙwayoyin soso ne farare, marasa nauyi." Ta dubi Ƙamus, ta ga yadda gumi yake keto masa, sai ta sassauta murya. "Ba kai kaɗai kalmar nan ta taɓa kayarwa ba. Wake bean ne, gaskiyarka. Amma ƙwayar kofi ma bean Turawa suke ce mata, ta kokon da ake yin cakulan da shi ma haka. Yaro mai ƙiriniya sai su ce cike yake da beans. Wanda ya tona asiri kuma su ce ya zubar da beans. Ni ma tambaya na yi na sani."

Aikin kujerun makarantar dai ya wuce su, aka ba wani shago. Suka kwaso jakunkunan suka dawo. Ƙamus ya tabbata yau zamansa a shagon ya ƙare. Da suka sauke kaya sai ya durƙusa a gaban yayansa.

"Yaya, ban san abin ba. Tun ranar ban sani ba. Tsoro na ji, in na ce ban sani ba, me ya rage mini a shagon nan?"

Yaya ya dube shi. "Ashe kai a zatonka don Turanci nake riƙe da kai? Nono ɗaya fa muka sha, sakarai." Ya miƙa masa reza. "Tashi ka farke ɗinkin nan, a hankali, kada ka yanka yadin. In ka rasa inda za ka sa hannu, ga ni nan kusa."

Ƙamus ya karɓa, ya juya jakar sama da ƙasa, sannan ya ɗago kai. "Yaya, ta ina ake farawa?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin ma'ana ɗaya ta kalma ba shi ne sanin kalmar ba, kuma tambaya ba ta rage wa kowa daraja. Sau da yawa tsoro ne yake sa mutum ya yi da'awar sani, amma asarar da take biyo baya ba shi kaɗai take ci ba, har da waɗanda suka amince masa. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba tun kafin a yanka yadi.