Kuɗin Jinyar Dalhatu

An yi wani mutum a ƙasar Tasawa, dillalin shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya. Ranar kasuwar Kanan-Bakashe makiyaya kan miƙa masa igiyar sa ba shaida, su tafi harkarsu, da la'asar su dawo su karɓi kuɗinsu cif.

Sai wansa Dalhatu, manomi a Korgom, ya kamu da ciwon ƙoda. Likita ya ce sai an riƙa kai shi birni ana yi masa wankin ƙoda sau biyu kowane mako. Ya 'yan uwa, kun san yadda doguwar jinya ke cin gida. Kuɗin mota, kuɗin magani, kuɗin awo, ga abincin mai jinya. Aka sayar da tumaki. Aka sayar da jaki da amalanke. Matarsa Zahra'u ta kai kwanonin jerenta kasuwa. Kafin shekara ta zagayo rumbu ya ƙare, gona ta tafi jingina.

Dillalin ya tashi neman taimako. Ya tsaya a masallatai bayan Juma'a. Ya tura hoton wansa ga 'yan garinsu da ke ci-rani a Libiya. Mutane suka bayar. Har da wata tsohuwa da ta kwance bakin zanenta ta ba da kuɗin goronta.

Da farko ya kai duka. Daga baya ya ce bari ya juya rabi a kasuwa, ribar ta amfani mara lafiya. Sai ya sayi moto, wato babur. Sai ya yi wa gidansa rufin kwano. In Zahra'u ta kira shi, ya ce, "Ki yi haƙuri, bana mutane ba su da shi."

Wankin ya koma sau ɗaya a mako, har ya gagara. Dalhatu ya ce a bar shi gida, kada a ƙarar da abincin yaransa. Ya rasu ana yankan gero.

Ranar sadakar bakwai ƙanen mahaifinsu, Baffa Mumuni, ya iso daga Libiya. Dillalin da kansa ya raka shi cikin gida gaisuwa, mahaifiyarsu na zaune. Baffa ya ce wa Zahra'u, "Allah ya ba ki haƙuri, ɗiyata. Jika ɗari takwas ta sefa da munka aiko ta hannun ƙanensa, ta kai shi wata nawa?"

Ta ɗago kai ta ce, "Wace jika, Baffa?"

Mahaifiyarsu ta dubi dillalin. Ta ce, "Kada ka sake ce mini Inna."

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Amma ranar kasuwa makiyaya suka riƙa wuce shi da shanunsu. Ya wuni a tsaye ba wanda ya kira shi. Moton ya tafi, gidan ya bi. Ya bar iyalinsa ya nufi arewa haƙar zinariya. Shekara uku ke nan, ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Kuna tsammani ɓarnar ta tsaya kansa? Bayan wata biyu wani bawan Allah ya tashi a masallacin garin yana neman taimako, matarsa na fama da ciwon daji. Mutane suka sunkuyar da kai, kowa na tunanin ko irin wancan ne. Wannan ma tana wuyan dillalin.

Ya 'yan uwa, kuɗin mara lafiya amana ne. Wanda ya ci, numfashin ɗan'uwansa ya ci. Wanda aka damƙa wa, ya kai a ranar, kada ya kwana da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya buɗa wa masu jinyarsu. Allah ya kiyaye mu da cin amana. Amin.